Kama da Wane Ba Ta Wane

A ƙarshen watan Agusta, lokacin da gero ya fid da kai a gonakin da ke tsakanin Magarya da Dungas, akan sami wani yammaci da hadari zai taso daga gabas, iska ta tsaya cik, sai sama ta cika da ƙananan tsuntsaye baƙaƙe masu fikafikai kamar lauje. Ba sa sauka, ba sa yawan kuka, sai kai da kawowa a gaban hadarin suna kamun ƙwarin da iska ta ɗaga sama. Manomi yakan ɗaga kai ya ce tsattsewa ce, ya koma kan aikinsa. A irin wannan yammaci ne wani malamin kimiyyar halittu na wata kwaleji a gundumar Dungas ya tsayar da babur a bakin hanya, ya fito da tsohuwar kyamarar da ƙanensa ya sayo masa a Kano, ya yi ta ɗauka har haske ya ƙare. Ya dawo gida da hotuna fiye da 200. Mafi yawansu sama ce tsura, ko bakin fiffike, ko wani baƙin ɗigo da ba a gane kansa balle gindinsa. Tara ne kaɗai suka nuna tsuntsu sosai, kuma a cikin taran nan akwai ɗaya da ya ɗauke masa hankali.

Malamin ya daɗe yana jin wani ƙaiƙayi game da kalmar tsattsewa. A littafin Faransancin da yake koyarwa da shi akwai hirondelle, akwai martinet, kowanne da danginsa, amma da ya juya zuwa Hausa sai ya tarar kalma ɗaya ce ta haɗa su. Yana ɗaukar wannan a matsayin gibi a harshen iyayensa, har ya kan ji nauyin faɗa a gaban ɗalibai. Abin da ya sassauta masa shi ne gano cewa shi kansa Linnaeus, masanin ƙasar Suwidin da ya tsara sunayen halittu, a 1758 cikin dangin hirondelle ya sa martinet, ya kira ta Hirundo apus. Sai a 1777 Scopoli ya ware mata gidanta mai suna Apus, wato marar ƙafa a harshen Girkanci. Ƙafafun suna nan, sai dai gajeru ne ƙwarai, ba su iya komai ba sai maƙalewa a bango ko ganye. Saboda haka duk tsattsewar da aka gani zaune a kan wayar lantarki, ko tana ɗibar laka a bakin tabki, to hirondelle ce. Martinet ba ta zama a waya, ba ta gini da laka, da yawunta take manna gashi da ciyawa ta yi sheƙa. Gashin bindinta 10 ne, na hirondelle kuwa 12. Binciken zamani ya nuna ma danginta na kusa su ne ƙananan tsuntsayen nan masu shan ruwan fure na nahiyar Amurka, waɗanda Faransawa ke kira colibri. Neman abinci iri ɗaya a sama ne ya sa siffarsu ta yi kama da ta hirondelle.

Daga cikin martinet ɗin, waɗanda suke ƴan gida a kudancin Damagaram ba su cika ba da wahala ba. Akwai ta gidaje, Apus affinis, mai sheƙa a ƙarƙashin gadoji da rufin masallatai da tankunan ruwa. Gajeriya ce, ƙugunta fari fat har yakan zagayo gefe, bindinta kuma kamar an datse da almakashi. Akwai mai kama da ita, Apus caffer, ita ma da farin ƙugu, amma farin siriri ne, bindin kuma dogo ne tsagagge. Sai ta dabino da giginya da goriba, Cypsiurus parvus, siririya kamar allura, launinta toka-toka, bindinta yakan haɗe ya yi tsini idan tana gudu. Mai hoto mai kyau ɗaya, wanda ya nuna ƙugu da bindi, ya isa ya raba waɗannan uku.

Wata rana, kafin a koma makaranta, malamin ya tarar da wani dattijo mai saƙar tabarma a gindin goriba kusa da wata fadama a yankin Guci. Bayan gaisuwa ya tambaye shi: “Baba, tsattsewa iri nawa ce?”

Dattijon ya ajiye kabar da ke hannunsa ya ce: “Malam, ta ɗaki daban, ta goriba daban. Ta ɗaki mai ɗibar laka ce. Ta goriba kuwa ba ta taɓa ƙasa. Ƙwanta manne yake da ganye, iska ta kaɗa yadda ta ga dama ba ya faɗowa. Na hau na gani da idona ina yaro.”

“To, waɗannan manya da ke zuwa gaban hadari fa, Baba?”

“Waɗannan baƙi ne, Malam. Ban taɓa ganin sheƙarsu ba, ban kuma san wanda ya gani ba.”

Malamin ya yi mamaki, domin maganar ƙwan da ke manne da ganye haka take a littattafai: tsattsewar goriba da yawu take liƙa ƙwanta a ƴar sheƙarta. Amsa ta biyu kuwa bai ba ta muhimmanci ba a ranar, ya ɗauka iyakar sanin dattijon ke nan.

Baƙin nan su ne masu wuyar sha'ani. Ta farko ita ce martinet noir, Apus apus, wadda take hayayyafa a Turai da Asiya, ta ƙetare Sahara sau biyu a shekara, ta ratsa Sahel da damina tana gangarawa wajen dazuzzukan Kwango da kudancin Afirka, ta sake ratsowa a ƙarshen Afrilu da farkon Mayu. Nauyinta bai wuce giram 40 da ɗan wani abu ba, tsawonta santimita 16 zuwa 17. A 2016 masana na jami'ar Lund a Suwidin, ƙarƙashin Anders Hedenström, sun bayyana sakamakon ƴan na'urorin da suka ɗaura wa guda 13, inda aka ga suna shafe wata goma a sama, waɗansu ba su sauka ba ko sau ɗaya. A sama suke ci, a sama suke sha, a sama suke hutawa. Dattijon Guci bai ga sheƙarsu ba saboda ba su da ita a ƙasarsa. Ta biyu ita ce martinet pâle, Apus pallidus, wadda Shelley ya raɗa wa suna a 1870. Ita ta fi yin sheƙa a ƙasashen bakin tekun Bahar Rum da yankin Larabawa, kuma da yawa daga cikinsu a sararin Afirka ta Yamma suke cin rani. Girmansu kusan ɗaya, siffarsu ɗaya, sukan kuma gauraya a garke ɗaya. Kukansu ya bambanta, amma hoto ba shi da murya.

Littafin Borrow da Demey na tsuntsayen Afirka ta Yamma, wanda ya fito da Ingilishi a 2001 aka kuma fitar da jagoransa da Faransanci a 2008, shi ne malamin ya buɗe a gefen kwamfutarsa, tare da abin da ya tsinta a intanet. Alamomin da masana suka lissafa ya kwafe su a littafin rubutu. Baƙar tana da duhu kamar kunkunniya, jikinta kusan launi ɗaya, farin maƙogwaronta ƙarami. Koɗaɗɗiyar launin ƙasa ce, farin maƙogwaronta faffaɗa ne, goshinta da haske, idonta kuma kamar ta zizara kwalli, domin duhun da ya kewaye shi ya fito fili a kan fuska mai haske. Gashin cikinta kowanne da farin baki, sai cikin ya yi kamar ɓawon kifi. Gashin bakin fiffikenta ya fi na tsakiya duhu, bayanta ma ya fi fiffike duhu, kamar an ɗora mata sirdi. Bakin fiffikenta bai kai na baƙar tsini ba. Idan ta buɗe bindi, gashin waje kaɗan ya ɗara na kusa da shi tsawo, alhali a baƙar tazarar a bayyane take.

Tsuntsun da ke cikin hoton nan ɗaya launin ƙasa ne mai haske, maƙogwaronsa fari tas, fiffikensa kuma da bambancin duhu da haske. Malamin ya dubi hoton, ya dubi zanen littafi, zuciyarsa ta ce masa ita ce. Ciki bai fito sosai ba, bindi a rufe yake, ido kuma inuwa ta rufe shi, amma sai ya ga alamomi uku sun ishe shi. Gaskiyar magana kuwa, yana son ta zama koɗaɗɗiyar. Shekara 19 yana koyarwa a ƙauyuka, abokan karatunsa waɗansu suna jami'a a Yamai, waɗansu suna manyan ma'aikatu, shi kuwa ga shi ya riƙe wani abu da zai iya aika wa masana ya ce daga Dungas ya fito. Ya rubuta wasiƙa zuwa ga wani masanin tsuntsaye mai tace bayanan da ake aikowa daga yankin, ya haɗa da hoton nan guda, ya sa suna da rana da wuri.

Da aka koma makaranta a watan Oktoba, amsa ba ta iso ba tukuna, amma ya kasa haƙuri. A ajin ƙarshe, na masu shirin jarrabawar BEPC, ya rubuta sunayen biyu a allo da manyan baƙaƙe, ya ɗora kwamfuta a kan tebur, ya sa ɗalibai su riƙa zuwa goma-goma. Hotuna biyu ya jera musu: na hagu baƙar, na dama koɗaɗɗiyar, duka aikin hannunsa. Ya ce musu gani ya kori ji. Suna ta wucewa suna gyaɗa kai, har layi ya kawo kan wata yarinya mai zama a bencin baya, wadda ba ta cika magana ba. Ta daɗe a tsaye, sannan ta ce a hankali: “Mushe, a gafarce ni, wannan da wancan ba tsuntsu ɗaya ba ne?”

“Ina kika ga haka?”

Ta nuna da bakin biro. “Ga gashi ɗaya a karye a fiffiken hagu. Nan ma ga shi, wuri ɗaya.”

Aji ya yi tsit. Malamin ya ce mata ta koma ta zauna, za a duba, kuma muryarsa ta fi yadda ya yi niyya kaushi. Ya ƙarasa darasin ba tare da ya sake duban allon ba.

Da dare, bayan iyali sun kwanta, ya buɗe bayanan da kyamara ke ajiyewa tare da kowane hoto. Lambobin hotunan biyu a jere suke, tsakaninsu daƙiƙa ɗaya. A na farko tsuntsun yana tsakaninsa da farin gajimare, rana a bayansa, sai kyamara ta rage haske ya fito baƙi ƙirin. A na biyu ya karkata, hasken rana mai faɗuwa ya doki cikinsa, bayansa kuma baƙin hadari ne, sai kyamara ta ƙara haske ya fito launin ƙasa. Tsuntsu ɗaya ya raba gida biyu, ya ba kowane rabi sunan Latin, ya kuma koya wa yara fiye da 70.

Bayan kwana huɗu amsar masanin ta iso, cikin ladabi, kuma tambayoyi ne suka fi yawa a ciki: ƙarfe nawa aka ɗauka, ina rana take, akwai waɗansu hotunan tsuntsun nan kuwa? Ya bayyana cewa a ƙarshen damina abubuwa biyu ke ruɗar mutane. Ƴaƴan baƙar na shekarar suna da farin goshi da faffaɗan farin maƙogwaro da fararen bakunan gashi, manyan kuma rana ta riga ta koɗar da tsohon gashinsu ya koma launin ƙasa. Ya ƙara da cewa akwai wani reshe na baƙar da ke fitowa daga Asiya, pekinensis, wanda shi ma yana da haske, har yakan ruɗi ƙwararru. Bai ce ba koɗaɗɗiyar ba ce. Cewa ya yi hoton bai isa a yanke hukunci ba, ya ba da shawara a rubuta Apus sp., wato ɗaya daga cikin dangin, ba a tantance wacce ba.

Malamin yana iya yin shiru. Ɗalibai sukan manta, manhaja tana da tsawo, tsattsewa kuma ba ta cikin jarrabawa. A makarantun da malami ke zaman uba, faɗin “na yi kuskure” a gaban yara ba ƙaramin abu ba ne, akwai ma abokin aikin da ya ba shi shawara ya bar maganar ta bi ruwa, kada yara su raina shi. Amma ya tuna yarinyar da ya tsawata wa saboda ta ga abin da ke gabanta. In ya yi shiru, darasin da za ta ɗauka shi ne ta daina faɗin abin da ta gani. Ranar Litinin ya shiga ajin, ya sake rubuta sunayen biyu, ya kira ta ya miƙa mata tsumman share allo. Ta share, shi kuma ya rubuta Apus sp., a gefensa ya rubuta tsattsewa. Ya nuna musu lambobin hotunan da lokacinsu, ya bayyana yadda haske ya yaudare shi da kuma yadda son rai ya taya hasken. Sa'an nan ya ce: “Ƴar'uwarku ta fi ni gani ranar nan. Ku tafa mata.”

Wani zai ce mene ne abin damuwa a kan sunan ɗan tsuntsu. Amsar tana cikin yadda aka tara ilimin tsuntsayen Nijar. A 1920 Angus Buchanan ya tashi daga Kano ya bi ta Damagaram zuwa Azbin yana harbin tsuntsaye, ana aika fatunsu gidan tarihi na Rothschild a Tring, a Ingila, inda Ernst Hartert ya yi nazarinsu. A zamanin nan fata ce shaida, duk mai shakka ya je ya auna. A 1988 Patrick Giraudoux da abokan aikinsa suka tattara abin da aka sani game da tsuntsayen ƙasar a mujallar Malimbus, daga baya kuma aka kafa rumbun bayanai na NiBDaB wanda Joost Brouwer ya jagoranta. Masu lura da tsuntsaye sun fi yawa a Yamai da gandun W da bakin kogin Kwara. Wurare irin Dungas, wadda sai a 2011 aka cire ta daga Magarya ta zama gunduma, bayanansu kaɗan ne. Inda bayani ya yi yawa, kuskure ɗaya yakan nutse. Inda ya yi ƙaranci kuwa, kuskure ɗaya shi ne zai zama ɗigo a taswira, wani ya kwafa, wani ya kafa hujja da shi. Ga shi kuma ana bukatar bayanin: a 2021 Birtaniya ta sa baƙar tsattsewa cikin jerin tsuntsayen da raguwarsu ta fi tayar da hankali, kuma mafi yawan kwanakin tsuntsun a sararin Afirka yake yin su.

Akwai kuma abin da ya shafi harshe, wanda ya kamata malamai da ƙungiyoyin raya al'adu su duba. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, a watan Maris na 2025 kuma kundin Charte de la Refondation ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Koyar da kimiyya da Hausa yana bukatar kalmomi, kuma akwai masu gaggawar fassara kowane sunan Faransanci kai tsaye don cike gibi. Abin da ya faru a ajin nan ya nuna wata hanyar. Kalmar tsattsewa, wadda malamin ke jin nauyinta, ita ce ta yi daidai da abin da hotonsa ya tabbatar; masana ma sai da suka ƙirƙiro sp. don su iya faɗin abin da kalmar ke faɗi. Ƙananan sunaye kuwa a ƙarƙashinta za su zauna, kuma sun fi ƙarko idan an samo su daga bakin mutane ko daga alamar da ido ke gani. Ɗaliban sun amince da tsattsewar goriba da tsattsewar ɗaki, kamar yadda dattijon Guci ya raba su. Ta gidaje suka kira ta mai farin ƙugu, ƴar'uwarta mai tsagaggen bindi. Manyan biyu suka bar su da sunan da dattijon ya ba su, baƙuwar tsattsewa, sai in hoto ya nuna a ƙara baƙa ko koɗaɗɗiya. Malamin ya ba kowane ɗalibi aikin hutu: ya tambayi kakanninsa, a Waca ne ko Bande ko Malawa, ko akwai wani suna da aka manta, ya rubuto shi yadda aka faɗa.

A bangon ajin kuma aka manna wata takarda da ɗaliban suka rubuta da hannunsu. Kada a yanke hukunci da hoto ɗaya. A rubuta lokaci da inda rana take. A ɗauki tsuntsu a kan shuɗin sama ko a kan duhun itatuwa, rana tana bayan mai ɗauka. A nemi ciki da baya da buɗaɗɗen bindi. A fara duba siffa kafin launi, domin haske yana canza launi amma ba ya ƙara wa gashi tsawo. Alama uku su yarda, biyu su ƙi, to a rubuta tsattsewa.

Da baƙin suka sake ratsowa a farkon watan Mayu, bazara ta yi tsanani, gawo ya fara zubar da ganye, aka yi wani ɗan yayyafi da ya tayar da shinge a bayan gari. Malamin ya fita da ɗalibai shida, yarinyar nan ce mai riƙe da littafin rubutu. Ya juya wa rana baya, ya bi tsuntsu ɗaya da kyamara maimakon garke. Cikin hotunan ranar, huɗu sun nuna bindi a buɗe da ciki mai launi ɗaya da ƙaramin farin maƙogwaro, suka rubuta baƙa. Saura goma sha ɗaya ta rubuta tsattsewa a gabansu. Ta tambaye shi: “Mushe, koɗaɗɗiyar fa?” Ya ce mata a bar mata shafi, Agusta na tafe.